Ki Taho da Ruwa

Ina layin pompo labarin ya same ni. Hantsi ya ɗaga, bidona biyu, wato jarkokin ɗiban ruwa, suna gabana, saura mutum ɗaya a zo kaina. Kwana huɗu ke nan pompon unguwarmu a Gure bai kawo ba, ranar da ya kawo ɗin ma siririn ruwa yake zubarwa, har wata cikin matan tana cewa akuyarta ta fi shi ƙoƙari. Muna cikin dariyar wannan magana salulata ta yi ƙara.

Ƙanena ne, wanda yake zaune da mahaifiyarmu a ƙauye. Ya yi sallama na amsa. Sai ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Inna ta cika."

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Na sake faɗa.

Ya ce, "Ki taho da ruwa. Jakuna sun tafi rijiya tun asuba, ba za su dawo ba sai bayan la'asar. Abin da ke randa bai kai rabi ba."

Iyakar maganarsa ke nan, ya kashe. Na daɗe ina jin zafin wannan a raina, a ce labarin mutuwar uwa da saƙon ruwa a numfashi ɗaya. Daga baya na gane ba shi da wata hanyar faɗa. Bazara ce, gawa ba ta jira, kuma ba a kai mutum makwancinsa sai an wanke shi.

Ban yi kuka a wurin ba. Zama na yi a kan bido. Wata tsohuwa Babarbariya ce a gabana, nata yana bakin pompo. Ta juyo ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wa ya rasu?" Na gaya mata, na gaya mata da saƙon. Ta janye bidonta bai ko yi rabi ba, ta sa nawa. Babu wadda ta ce uffan, alhali a wannan layin na sha ganin an cire ɗankwali a kan wuri. Da nawa biyu suka cika ta ƙarasa cika nata, ta turo mini shi da ƙafa.

"Haɗa da wannan," in ji ta. "Wankan uwa ba a yi masa awo."

Aka kira mini mai kabu-kabu na babur, wani magidanci maƙwabcinmu da ya san hanyar ƙauyenmu. Ya yi mini gaisuwa, ya dubi bidunan, ya dube ni, ya dubi tayar motonsa ta baya.

"Malama, biyu zan iya, ɗaya nan ɗaya nan, ke a tsakiya. Da a kan kwalta ne har huɗu sai in ɗauka. Wannan hanyar rairayi ce. In na ɗora na uku, a tudun farko za mu kafe, mu wuni muna turi."

Na ce in rungume shi a cinya. Ya ce nauyin dai ɗaya ne, moto ba raƙumi ba ne. Na tsaya ina duban bidon tsohuwar. Rana tana ƙara ɗagawa. Na ce mata na gode, Allah ya saka, na bar mata abinta a nan bakin pompo. Muka kama hanya da biyu.

Ƙauyenmu yana arewa, wajen Kelle, a bakin wani kwari. Ina yarinya kwarin nan kore ne. Akwai dabino da goriba, ana rogo, ana albasa, har rake na sha daga gonar mahaifinmu. Rijiyar cikinsa igiya gajera take so. A idona rairayin tudu ya riƙa gangarowa yana cin lambuna ɗaya bayan ɗaya. Rijiyar ta yi ƙasa, aka ƙara igiya, aka sake ƙarawa, ruwan ya koma ɗanɗanon kanwa, daga baya in bazara ta yi nisa sai laka guga yake ɗaukowa. Tun daga nan ruwan ƙauyen ya koma kan jakuna, daga wata rijiya mai nisan wuni, zuwa da jiran layi da dawowa. Gidaje da yawa sun tashi. Inna ta ce ita inda aka binne mijinta nan za ta jira.

A kan moton nan, ruwa yana kaɗawa a gefen ƙafafuna, abin da nake ta tunawa shi ne hannunta. Inna tana cewa ruwa rai uku gare shi, wanda ya kashe shi a rai na farko za a tambaye shi sauran biyun. In ta wanke surfe, ƙasarin na awaki ne. In za mu yi wanka, cikin wata babbar tasa muke tsayawa, ruwan da ya sauka a jikinmu shi za a jiƙa tufafi da shi, wanda aka matse daga tufafin a kai wa zogale. Alwala ba a yin ta ko'ina sai a gindin zogalen. Kwanon tuwo da rairayi ake fara goge shi, sai ya yi fes sannan ya ga ruwa. In kuwa kana zuba mata ruwa a hannu ka ɗan saki buta, ba ta ɗaga murya, cewa kawai take yi, "Zare, ba igiya ba." Sai ka rage har ruwan ya koma siriri kamar zare. Da wannan kalmar muka tashi ni da ƙanena. Har yau in na ji ruwa yana zuba da ƙarfi a gidan wani, sai in ji kamar in tashi in rage.

In ta zo mana Gure ba ta zama. Bin gida take yi tana sa tasa ƙarƙashin duk abin da ke ɗiga. Babbar 'yata, da yake jika ce tana da bakin tsokanarta, ta taɓa ce mata, "Tsohuwa, saura gumi. Shi ma a kawo tasa?"

Inna ta ce, "Naki ko cokali ba zai cika ba, malalaciya. Sai an yi aiki ake gumi."

Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika duban fuskata in tana magana da ni ba. "Ke" take ce mini. Ba ta taɓa roƙona zane ko goro ba. In na aika mata da abu, sai in ji ta raba. Abu ɗaya ta taɓa nema a wurina. Wata bazara na je gaishe ta, aka yi rasuwar wata maƙwabciyarta, Inna tana cikin waɗanda suka yi wankan. Da ta dawo ta zauna a bakin ɗaki tana ɓare gyaɗa. Can ta ce, idonta a kan ƙwarya, "Ke. Sau ɗaya muka wanke ta. Ruwan bai kai ba."

Na ce Allah ya jiƙanta.

Ta ce, "Amin. Ni dai duk tsimin da na yi a duniya, ranar tawa ki cika mini uku. Na magarya, da na ruwa zalla, da na kafur. Tun da kwarin nan ya bushe ban yi wankan da na ji na ƙoshi ba."

Na yi dariya na ce, "Ashe ajiya kike yi, Inna."

"Da me kike zato?" in ji ta. Ita ma ta ɗan murmusa. Amma ta ƙara da cewa, "Kin dai ji."

Na ce na ji.

Sau biyu muka kafe a hanya duk da haka, ina sauka yana turawa. Rana ta kusa tsaka muka isa. Mai kabu-kabu ya sauke bidunan a ƙofar gida, ya shiga cikin maza. Su ba su da yawa, ƙauyen ya rage, matasan kuma rabinsu suna wajen jakuna. Masu ƙarfi cikin waɗanda suka saura sun tafi haƙa kabari tun da safe.

Goggo ce ta tarbe ni, ƙanwar mahaifinmu. Ita ke wanke mata a ƙauyen tun da ƙarfin Inna ya ja baya. Ta riƙe hannuna ta ce zazzaɓi ne na kwana biyu, Inna ta hana a kira ni, wai kada a tayar da ni a banza. Da safe ta yi sallarta a zaune, ta jingina da bango, shi ke nan. Na shiga na gan ta an rufe ta da zanenta mai ruwan bula. Na yi mata addu'a. Na fito na gaya wa Goggo abin da ta ce mini shekarun baya.

Goggo ta ɗaga bido ɗaya ta ji nauyinsa, ta ɗaga ɗayan. Ta ce abin da ke randa da ɗan abin da maƙwabta suka kawo a ƙore, na sha ne, masu haƙa suna cikin rana, ga masu zuwa gaisuwa. Waɗannan biyun namu ne. Na farko zai tafi a tsarki da alwala da wankan magarya, na biyu a raba shi ga sauran biyun. "Zai kai," in ji ta, "in Allah ya so. Ke za ki zuba, ni in wanke."

A bayan ɗaki aka yi, cikin zana. An ajiye wani tsohon gadon itace, an haƙa ɗan rami a ƙarƙashinsa inda ruwan zai shige. Mu uku muka ɗauko ta, da wata maƙwabciya, ba ta da nauyi ko kaɗan. Goggo ta daka ganyen magarya ta kaɗa a ƙwarya har ya yi kumfa, ta naɗe hannunta da ƙyalle, ta yi bisimilla.

Ban san lokacin da na yi ba. Na dai ga babbar tasar nan jingine da zana inda take kullum, na ga ruwa zai zuba, sai hannuna ya ɗauko ta ya tura ƙarƙashin gadon, daidai kan ramin. Har na gyara mata zama don kada ta karkace. Sai da ruwan farko ya sauka ya yi ƙara a cikinta Goggo ta tsaya. Ta leƙa ƙasa, ta ɗago ta dube ni.

"Wa za ki ba? Awaki ko zogale?"

Ba da faɗa ta yi tambayar ba. Na tsaya da moɗa a hannu, kunya ta rufe ni. Ta sa ƙafa ta jawo tasar, ta juye ɗan abin da ya taru cikin ramin, ta kife ta gefe.

"Wannan rai ɗaya gare shi," in ji ta. "Nata ne ita kaɗai. Zuba."

Na zuba. Ta wanke hannun dama, tana jira, ruwan yana sauka siriri. Ta ce in ƙara. Na ƙara a ganina. Ta sake tsayawa.

"Saki hannunki, 'yar nan. Yau ba za ta yi miki magana ba."

A nan ne kukan ya zo mini. Ban yi da ƙarfi ba, don ba a so a kan gawa. Na dai saki hannun, ruwa ya sauka da kauri a kafaɗarta, ya gangara, ƙasa ta shanye. Tun da nake ban taɓa zuba ruwa haka a gidan nan ba. Goggo tana wankewa ina bin ta da moɗa, dama sannan hagu. Na ga tafin hannunta, inda igiyar guga ta bar kanta mai tauri, shekara da shekaru bayan ta daina ja. Na ga faso a dugaduganta. Gashinta ya yi fari fat, kitson ya tsufa, muka warware shi muka wanke. Rabon da in ga kanta babu ɗankwali tun ina ƙarama.

Bidon farko ya ƙare daidai da wankan farko, kamar yadda Goggo ta auna. Na jawo na biyu, na kwance ledar da aka ɗaure bakinsa da ita. Sai muka ji gyaran murya a bayan zana.

"Salamu alaikum. Yaya."

Ƙanena ne. Na matsa jikin zana, ba ma ganin juna.

Ya ce, "Kabarin ya rufta sau biyu. Rairayin ya bushe har ƙasa, ana haƙa yana komawa. Sai an jiƙa gefunan za su tsaya. Ga kuma ƙasar da za a kwaɓa a rufe itacen."

Na ce, "Na randa fa?"

"An shanye, Yaya. Tun safe suke cikin rana."

Na ce su jira jakuna. Ya ce ya faɗa wa liman haka, liman ya ce a wannan zafin ba za a ajiye ta har la'asar ta wuce ba, in an jira ma sai an fara haƙa daga farko, dare ya yi. Na ce a sauya wuri. Ya ce nan ne gefen Baba, kuma duk maƙabartar haka take. Na ce in ba su rabi. Ya ce rabi ba zai riƙe ba, za a yi asararsa ne kawai.

Na juyo wajen Goggo. Tana tsugune, hannunta a kan zanen da aka rufe Inna da shi. Ta ce, "Wajibi ya sauka, ɗaya ya isar mata a wurin Allah. Ko kin riƙe rabi, ba a tsayawa a biyu, sai ɗaya ko uku. Amma ba ni ta yi wa magana ba. Ke za ki ce."

Ina jin numfashin ƙanena ta cikin zana. Na tuna bidon da na baro a bakin pompo, na ga kalarsa, na ga igiyar da aka ɗaura a hannunsa. Da na matsa wa mai kabu-kabu. Da na sauka na bi shi a ƙafa a wuraren tudu. Da na nemi moto na biyu, abin da bai zo mini a rai ba sam sai a wannan lokacin. Na kuma san abin da Inna za ta ce in da wata ce a kwance ita ce a tsugune, amma sanin bai rage mini komai ba, don ba ta ce mini in ruwa ya samu ba. Cewa ta yi, kin dai ji.

Na tsiyayi cikin kofin shayi ɗaya na miƙa wa Goggo. Na mayar da ledar na ɗaure. Na ɗaga gindin zana na tura bidon waje. Na ji ya ɗauka, na ji tafiyarsa.

Goggo ta murtsuke kafur a cikin kofin. Da yatsa ta shafa mata a goshi, da hanci, da tafin hannu, da gwiwoyi, da yatsun ƙafa. Ta bar mini ɗan saura na shafa mata a gashi. Muka yi mata kitso uku, muka sa ta a likkafani. Bayan azahar maza suka sallace ta suka ɗauka. Mu muka zauna a tsakar gida. Ƙanena da ya dawo ya ce ramin ya tsaya, an rufe da kyau. Na ce alhamdu lillahi.

La'asar ta ɗan gota muka ji jakuna. Suka shigo ƙauyen a jere, bidunan suna ƙara a gefensu, salkuna suna ɗiga. Kowane gida ya aiko da nasa kason gidan rasuwa. Kafin magariba randar Inna ta cika har baki, aka cika tulu biyu, har da saura a bokiti. Mutane suka sha, suka yi alwala, aka ɗora tukunya. Na zauna ina kallon ruwan. Wata ta miƙo mini a moɗa na karɓa na sha, don ƙishirwa ba ta san an yi mutuwa ba.

Na yi kwana bakwai na komo Gure. Maigidana ya ga abin yana cina, ya je ya tambayi wani malami a unguwarmu, ya dawo ya ce malam ya ce babu laifi ko kaɗan, wanka ɗaya ya wadatar, gyara kabari kuma haƙƙinta ne shi ma, in yawaita mata addu'a da sadaka. Na ce na gode. Na san haka tun a bayan zana. Ina yin addu'ar. Sadakar kuma ruwa nake bayarwa, na ajiye tulu a ƙofar gida don masu wucewa ranar kasuwa, in pompo ya kawo.

Kwanakin baya na ji a rediyo ana cewa ba mu kaɗai ba ne, har manyan birane a wasu ƙasashe ruwa yana yanke musu, ana koya wa mutane su tara wanda suka yi wanka da shi su ba shuka. Babbar 'yata ta dube ni, ta buɗe baki za ta yi tsokanar da ta saba, sai ta tuna babu wadda za ta rama. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ƙanena ya sayar da awakin, yana maganar dawowa gari da iyalinsa kafin wata bazarar. Goggo ta ce in ya tashi ita ma ɗanta zai zo ya ɗauke ta.

Abu ɗaya ta nema a wurina, na kuma ce na ji. Na yi mata na magarya. Na ruwa zalla da na kafur ban yi mata ba.